Burushi biyu na Real Techniques, na fandeshon da na hoda

'Yan uwa mata masu tambayar wane burushin kwalliya za su saya, ni dai shawarata ku bar setin nan mai guda 24 da ake jerawa cikin jaka, wallahi rabinsu haka za su tsufa ba ki taɓa su ba. Guda biyu sun ishe ki. Nawa na kamfanin Real Techniques ne, wanda ya fito a 2011 da haɗin gwiwar Sam Chapman, wata mai kwalliya 'yar Ingila da ta yi suna a YouTube.

Na fandeshon ɗin, wato man kwalliyar da ake shafa wa fuska kafin hoda, shi ne Expert Face Brush, lamba 200, kuma shi na fi so nesa ba kusa ba. Gashinsa gajere ne a cunkushe, idan kin danna shi a tafin hannu za ki ji yana turo ki, ba ya lanƙwashewa, kuma na roba ne ba na dabba ba shi ya sa ba ya shanye miki fandeshon. Yadda nake yi, in ɗiga kaɗan a bayan hannu in dangwala bakin burushin kawai, in fara daga gefen hanci ina dannawa a hankali, sai ya zauna sannan in riƙa murzawa ina zagayawa har wajen kunne da ƙasan haɓa, don kar a ga fuska daban wuya daban. In kika labta da yawa kika ja shi kamar mai fentin bango to fa sai ya bar miki layi-layi, wannan ko wane burushi ne haka zai yi. Lokacin hunturu kuma ki rage murzawar nan, fata ta bushe, murzawa tana tayar da ɓawon gefen hanci da na baki, ki shafa mai tukuna ki bari ya shiga sannan ki yi ta dannawa kawai.

Abin da ban so ba, kansa ƙarami ne, in kina sauri za ki ji ya ɓata miki lokaci, sannan fandeshon yana maƙalewa can tsakiyarsa, wankinsa sai an dage.

Na hodar, lamba 201, babba ne mai laushi sosai. Ki dangwala ki kakkaɓe a bakin murfi kafin ki kai fuska, hodar tana sauka sama-sama ba ta yin dabbare-dabbare. Amma gaskiya ga mai maiƙon fuska a zafin Afrilu shi kaɗai ba zai riƙe ki ba, goshi da hanci sai kin danne da soson hoda, ƙasan ido ma girmansa ba ya barin ya shiga.

Maganar wanki don Allah kar ku yi wasa da ita, burushi mai datti yana jawo ƙuraje. Na fandeshon duk sati, da ruwa mai ɗan ɗumi da shamfu na jarirai, bakinsa yana kallon ƙasa don kar ruwa ya shiga cikin ƙarfen ya saki gam ɗin da ya riƙe gashin. Ki matse da tawul ki kwantar da shi a inuwa, kar ki tsayar da shi a kofi yana jiƙe.

Kuɗinsu ba kaɗan ba ne yanzu da dala ta tashi, kuma jabu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya launi iri ɗaya. Kafin ki biya ki ce a buɗe miki, ki ɗan ja gashin da yatsa biyu, in ya biyo hannunki ko kika ji warin gam ki ajiye musu kayansu. Wadda kuɗinta bai kai na biyun ba ta fara da lamba 200, hoda ko da soson da ya zo a cikinta za ta iya lallaɓawa.