Hattara da mai tallar irin "Echinacea" a Facebook

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sha'awar shuka fure a tsakar gida, ku yi hattara da wani mai shafi a Facebook da ke tallar iri, wai Echinacea ce mai ruwan ɗorawa daga Amurka. Ni dai ya ci kuɗina.

Farkon damina na ga tallar. Hotuna gwanin kyau, ga alkawari iri-iri: wai tana maganin ciwon suga da hawan jini, kuma wata biyu da shukawa sai fure. Na tura N12,000 a wani asusu da sunansa bai yi daidai da na shafin ba, aka aiko min ta tasha, ɗan ƙulli a farar leda, ba takarda ba suna. Tun nan ya kamata in farga, amma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na shuka a bayan ɗakin girki. Ta tsiro da wuri, kafin damina ta ƙare ta wuce tsawona, ganye fato-fato mai yatsu uku zuwa biyar. Ni sai murna nake. Ranar da ta fara fure ƙanin maigidana, wanda ya karanci aikin gona, ya zo. Ya tsinki ganye ya murza, ya shinshina, ya fashe da dariya.

"Matar Yaya, nawa kika ce kin biya? Ai wannan ciyawar bakin titi ce. Ki bi hanyar Ibadan a ƙarshen damina, ita ce ta cika gefen hanya."

Ashe Tithonia diversifolia ce, 'yar asalin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, wadda ta zama ciyawa a kudancin Najeriya. Mai son irinta kyauta zai ɗiba.

Ita Echinacea mai ruwan ɗorawa akwai ta da gaske, sunanta Echinacea paradoxa, kuma a yankin tsaunukan Ozark na Amurka take fitowa, wato jihohin Missouri da Arkansas. Sauran danginta furensu ja-ja ne ko shunayya, shi ya sa aka yi mata wannan suna mai nufin wadda ta saɓa. Tsawonta ba ya kai wa mita ɗaya sosai. Ganyenta siriri ne dogo, sumul, ba yatsu. Fukafukan furen suna lanƙwashewa ƙasa kamar lema da iska ta juya, a tsakiya kuma ga wani tudu mai duhu mai ƙaya, in ka taɓa sai ya soke ka. Sunan ma daga kalmar Girkanci mai nufin bushiya aka samo shi. Tawa kuwa tsakiyarta ruwan ɗorawa ce, ba ƙaya ko ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zancen wata biyu. Irin na gaske yana bukatar sanyi kafin ya tsiro da kyau, har sai an ajiye shi a firji cikin yashi mai laima na wata ɗaya ko biyu. Shekarar farko saiwa take yi, fure sai shekara ta biyu ko ta uku. Duk wanda ya yi miki alkawarin fure a wata biyu, wani abu daban ya ƙulla miki.

Batun magani kuwa, ko ta gasken ba maganin suga ba ce, ba ta hawan jini ba. Don Allah kar wani ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma shan ganyen da bai san sunansa ba.

Na tura masa hoton shukar, ya ce wai ƙasarmu ce ta canza mata kama. Na nemi kuɗina, ya toshe ni. Yanzu ya sauya sunan shafin, amma hotunan da lambar asusun suna nan yadda suke. Ciyawar kuma ta riga ta zubar da iri, ƙanin maigidana ya ce in tanadi fartanya tun kafin ruwan farko.