Manhajar Hornady da Zaɓen Nauyin Harsashi don Harbin Nesa

Tambayar da ta fi yawo a bakin masu sha'awar gasar harbi a nan Accra, musamman tsofaffin sojoji da 'yan sandan da ke zaune a Nima da Mamobi, ita ce wane nauyin harsashi ya fi dacewa da bindigar .308 Winchester idan allon da ake harbi ya yi nisa. Manhajar lissafin harbi ta kamfanin Hornady na Amurka, wadda ake saukewa a waya, tana amsa wannan tambaya da alƙaluma, kuma a ganina ta cancanci a ba ta lokaci.

Ana auna kan harsashi da giren, kuma giren ɗaya bai wuce giram 0.065 ba. A wannan bindiga, nauyi uku ne suka yi suna a gasa: 155, 168 da 175. Mutum zai shigar da nauyin, da saurin da harsashin ke fita da shi daga bakin bindiga, da murɗin da ke cikin bututun bindigar, wato layukan da ke sa harsashi juyawa, da zafin rana da ƙarfin iska, sai manhajar ta jera masa yadda harsashin zai riƙa sauka da yadda iska za ta karkatar da shi a kowace mita ɗari.

A nan ne amfaninta ya fi fitowa, domin tana rushe tunanin da yawancinmu muka taso da shi cewa mai nauyi shi ne gwani a kullum. Mai giren 175 yakan fita da saurin kusan mita 790 a daƙiƙa, kuma tsayinsa na taimaka masa riƙe gudu da jure iska, amma yana buƙatar murɗi mai isasshen sauri, shi ya sa ake son bututun da ke juya shi sau ɗaya a inci 10 ko 11. Mai giren 155 kuwa shi ne na gasar Palma, inda ake harbi a yadi 800, 900 da 1,000, kuma da dogon bututu da saurin fita yake cike giɓin rashin nauyinsa. Tsohon samfurin mai giren 168 ya yi fice a mita 300, sai dai an san shi da tangal-tangal idan gudunsa ya sauko kusa da na sauti, wato wajen mita 350 a daƙiƙa a irin zafinmu.

Na ji daɗin yadda take la'akari da yanayin wuri. Accra tana bakin teku, Kumasi kuma ta ɗara ta tudu da kimanin mita 250, kuma idan ka sauya tudun da zafin, za ka ga alƙaluman da ke fuskar wayar sun motsa.

Sharaɗinta shi ne a ba ta gaskiya. Saurin da aka buga a jikin kwali ba lallai ya zama saurin bindigarka ba, na'urar auna shi kuma ba kowa ke da ita ba. Don haka wanda yake da lasisin 'yan sanda da izinin shiga filin harbi ya gwada nauyi biyu a kan takarda, ya ga wanda ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya, kafin ya zuba sidinsa a kan kwali da yawa.