Scoundrel Days na a-ha: faifan da ya biyo bayan Take On Me, kuma a wajena ya fi na farko

Jama'a duk wanda ya san a-ha a nan Garwa ko Marwa to da waƙa ɗaya ya san su, Take On Me, wadda har yau yara ke ɗorawa a bidiyonsu na TikTok ba su ma san ta girmi wasu iyayen ba. Ban ga laifin kowa ba, waƙar ta kai. Amma ni yau faifan da ya biyo bayanta nake so mu yi magana a kai, wato Scoundrel Days da ya fito a watan Oktoban 1986, don gaskiya yana min ciwo yadda mutanenmu masu son tsofaffin kiɗan Turawa ba su san da shi ba alhali shi ne aikinsu da ya fi nauyi.

Ga wanda bai san su ba, samari uku ne 'yan ƙasar Norway, Morten Harket mai rera waƙa, Magne Furuholmen mai buga kibod, sai Pål Waaktaar mai jita wanda shi ne ya fi rubuta musu waƙoƙi. Sun haɗu a Oslo a 1982 suka tattara suka tafi Landan neman sa'a. Take On Me ɗin ma da aka fara fitar da ita a 1984 ba ta je ko'ina ba, sai da aka sake ɗaukarta da furodusa Alan Tarney, sannan Steve Barron ya yi mata wannan bidiyon na zanen fensir da mutum ke fitowa daga cikin takarda, tashar MTV ta dinga maimaita shi dare da rana, kafin ka ce me a watan Oktoban 1985 ta zama ta ɗaya a Amurka. A Janairun 1986 kuma The Sun Always Shines on T.V. ta zama ta ɗaya a Ingila. To ka ga mutanen da jiya-jiya ba wanda ya san sunansu yau hotonsu ya cika mujallun 'yan mata, musamman fuskar Morten, har ana mantawa cewa mutanen nan fa makaɗa ne masu rubuta abinsu da kansu.

Duk ɗan kasuwa ya san wannan hali, in ka kawo kaya suka ƙare rana ɗaya kowa cewa zai yi koma ka ƙaro irinsu sak, kar ka canza ko launi. Su kuwa sai suka ƙi. Abin da ya sa nake girmama faifan nan ke nan.

Tun daga waƙar farko mai sunan faifan za ka ji iska ta canza, kibod ɗin ya yi duhu, Morten ya fara da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji shi sannan a amshi ya ɗaga ta sama ya riƙe ta har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, kuma ba ɗagawar burgewa ba ce irin ta Take On Me, wannan ta mutumin da abu ya dame shi ce. Ta biyu, The Swing of Things, ita ce tawa a duk faifan wallahi. Magana ce ta wanda ya yi nisa da gida da masoyiyarsa, duniya na ta hayaniyarta shi kuma hankalinsa na can wani wuri, kuma in ka tuna cewa a lokacin mutanen nan kullum suna cikin jirgi da otal daga wannan ƙasa zuwa waccan sai ka gane daga ina waƙar ta fito. Duk ɗan arewa da ya taɓa zaman neman kuɗi a Duwala ko Yawunde, iyali na gida, ya kwanta da dare ya kasa barci, zai gane ta ko da ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, kiɗan kaɗai ya isa ya gaya masa.

Sai I've Been Losing You, wadda ita suka fara saki, kuma ka duba ƙarfin hali, kamfani na jiran waƙar rawa ta soyayya su kuma suka kawo mai ganga ta gaske da jita mai kaushi, labarinta ma na mutum ne da ya aikata mugun abu da bindiga yana cikin nadama. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da komai ke tsayawa cak ka ɗauka ta ƙare, sai ganga ta dawo da ƙarfi, kai wannan wurin ban taɓa gajiya da shi ba. October gajeriya ce mai sanyi, murya kamar raɗa, hutu ce kafin Manhattan Skyline, wadda ita kuma haɗin hannu biyu ce, Magne ya yi sashen mai taushi Pål ya yi sashen mai tsawa, aka ɗinke su wuri ɗaya, kana cikin lumshe ido sai jita ta faɗo maka. Waɗannan biyar ɗin su ne fuskar farko in kaset ne ko faifan garmaho, kuma ni dai ban ga inda za a cire ko ɗaya ba.

Fuska ta biyu ce ke da matsala, ba zan ɓoye ba. Cry Wolf ita ce ta fi tashe a cikin waƙoƙin faifan, ta kai ta 5 a Ingila, amma a kunnena ita ce ta fi kama da abin da aka yi don rediyo, kiɗanta ya tsufa fiye da sauran. We're Looking for the Whales ba laifi amma ba ta zama a rai, Maybe, Maybe kuwa 'yar wasa ce kawai da ba ta dace da sauran ba, nakan tsallake ta. Abin da ya ceci wannan ɓangaren shi ne The Weight of the Wind, waƙar kishi mai nauyi, da ta ƙarshe Soft Rains of April, ta wanda ke tsare nesa da gida yana ƙirga lokaci yana rubuta wasiƙa. Su can Afrilu watan yayyafi ne mai sanyi, mu nan lokacin ne zafin Garwa ke kai maƙura har Binuwai ta janye, amma kaɗaicin da ke cikin waƙar iri ɗaya ne ko'ina, kuma yadda take yankewa farat ɗaya a ƙarshe yana barin mutum da wani abu a ƙirji.

A kasuwa faifan bai kamo na farko ba, a nan ne ma Amurkawa suka fara juya musu baya, Cry Wolf a ta 50 ta tsaya a can, shi ya sa har yau wasu ke ɗaukarsu masu waƙa ɗaya. Amma a Norway ya zama na ɗaya, a Ingila na biyu, Turai ta riƙe su, a 1987 aka ba su waƙar fim ɗin James Bond, a 1991 kuma mutum dubu 198 suka biya kuɗi suka kalle su a filin Maracanã na Brazil. Ni ina ganin da sun sake yin wata Take On Me da wuya su kai nan, wannan faifan ne ya sa aka fara ɗaukarsu da muhimmanci.

Maganar samu kuma, kar ka wahalar da kanka wajen masu tura waƙa a memori a kasuwa, yawancinsu in ma suna da a-ha to waccan guda ɗayar ce. Yana nan a YouTube da Spotify, waƙa 10 ne, bai ma cika minti arba'in ba, ba zai cinye maka mega da yawa ba in sauti kaɗai ka sauke. Akwai bugun 2010 da aka ƙara masa gwaje-gwajen farko na waƙoƙin da wasu da aka ɗauka a dandali, wannan sai wanda ya riga ya kamu da son faifan. Roƙona ɗaya dan Allah kar ka saurare shi da lasifikar waya a bakin titi cikin ƙarar babura, duk ƙasan kiɗan ɓacewa yake, ka samu abin kunne mai kyau ko rediyon mota, da dare in gari ya yi shiru. Ka fara daga ta farko ka bi su a jere har Manhattan Skyline kar ka tsallaka, in waɗannan biyar ba su kama ka ba to sauran ma ba za su yi ba, ka huta da megarka.