Bakan maza ko na mata: wanne ya dace da mai gajeren hannu?

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Ohio ta Amurka ya yi tambaya. Yana son ya fara farautar barewa da baka na zamani, irin mai tayoyi a sama da ƙasa. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 4 ne. Da ya je shago, mai shagon ya auna shi ya ce ya gwada wani baka da kamfani ya yi wa mata. Abokansa kuma suka sa masa dariya, suka ce namiji ba ya riƙe bakan da nauyin jansa, wato ƙarfin da ake sawa a ja tsirkiya, bai kai fam 70 ba. Shi ne yake tambaya: ya bi ta mai shago, ko ya sayi na maza a rage masa?

Ɗan'uwa, amsata a taƙaice ita ce mai shagon nan ya san aikinsa. Amma bari mu ajiye bakunan biyu kusa da juna ka gani da idonka.

Abu na farko shi ne tsawon ja, wato nisan da za ka ja tsirkiya kafin ta tsaya. Bakan gargajiya irin na maharbanmu ba ya da iyaka, kana ja yana lanƙwasa har inda hannunka ya tsaya. Baka mai tayoyi, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a Missouri kuma ya samu takardar mallakarsa a 1969, ba haka yake ba. Yana da wurin da yake tsayawa cak, kuma dole wurin ya zo daidai da jikinka. Yadda ake kintata shi: ka buɗe hannuwanka biyu, a auna daga kan ɗan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu, a raba da 2.5. Mutum mai tsawonka yawanci awon zai ba shi inci 64 ko kusa da haka, tsawon jansa ke nan inci 25 da rabi. Wannan kintace ne, mai shago zai gyara da rabin inci sama ko ƙasa idan ya ga tsayuwarka.

To a nan ne bakunan suka rabu. Manyan bakunan da ake tallata wa maza, da yawansu suna farawa ne daga inci 25 ko 26 su ƙare a 30 ko 31. Kai kana can ƙarshen ƙasa, wani ma ba zai sauko gare ka ba sam. Waɗanda aka yi wa mata, irin su Mathews Prima da Hoyt Eclipse da wanda Bowtech ta sa wa sunan mafarauciyar Kanada Eva Shockey, suna yawo ne tsakanin inci 22 ko 23 zuwa 28. Inci 25 da rabi ya faɗo a tsakiyarsu. Tayoyinsu ƙanana ne, an zana su ne don su tara ƙarfi a ɗan gajeren ja. Babbar taya da aka murɗe zuwa ƙarshenta na ƙasa takan yi asarar wani ɓangare na ƙarfinta, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga bakan mata ya yi kunnen doki da na maza, ko ma ya wuce shi gudu, idan an sa su a tsawon ja ɗaya da nauyi ɗaya da kibiya ɗaya.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Idan ka ga an rubuta ƙafa 340 a sakan, an gwada ne da nauyin ja fam 70, tsawon ja inci 30, da kibiya marar nauyi mai giren 350 (giren ɗan ƙaramin ma'auni ne da ake auna nauyin kibiya da shi). Duk inci ɗaya da ka rage, kibiya na rasa kusan ƙafa 10 a sakan. Kai da ke 25 da rabi ka riga ka zubar da kusan 45 tun kafin a yi maganar nauyi. Bakunan mata kuwa sau da yawa ana auna gudunsu ne a nasu iyakar, gajeren ja da fam 60, don haka lambarsu ke fitowa ƙarama. Wanda ya jera lambobin biyu ya yanke hukunci ya kwatanta abin da ba a auna da mudu ɗaya ba. Shagunan baka da dama suna da na'urar auna gudun kibiya. Ka ce a saita maka duka biyun daidai jikinka, ka harba, ka karanta da kanka.

Me zai faru idan ka yi taurin kai ka ɗauki na inci 28 don kada a yi maka dariya? Na sha ganin irin wannan a filin gwaji. Mutum ya ja, hannunsa na dama ya wuce kunne yana lalube a bayan ƙeya, ya kasa samun wurin da zai ajiye shi. Ya karkata baya, ya miƙe gwiwar hannun hagu ta sandare, kafaɗa ta hau sama. Da ya saki, tsirkiya ta zabge shi a cikin hannu, wurin ya yi ja ya kumbura, kafin gobe ya zama shuɗi. Daga nan duk harbin da zai yi sai ya ɗan zabura kafin ya saki, kibiyoyi su watse ko'ina a allo. Wanda baka ya yi masa daidai kuwa, tsirkiya na taɓa kan hancinsa, hannunsa na zaune a ƙashin muƙamuƙi wuri ɗaya kullum, gwiwar hannun hagu da ɗan sassauci. Daidaiton harbi daga nan yake fitowa.

Sai nauyin ja, inda girman kai ke shiga, kuma an ce girman kai rawanin tsiya. Na maza yawanci fam 60 zuwa 70 ne, wato kilo 27 zuwa 32, wasu har 80. Na mata galibi suna zuwa da 40 ko 50 ko 60. Dokar Ohio ta ce bakan farautar barewa kada ya gaza fam 40. Alaska ma, inda ake da manyan namun daji, fam 40 take nema ga barewa, 50 ga manya irin su mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa. Barewa mai farin wutsiya da za ka bi ba ta da kaurin fata, kuma galibin harbin da ake yi mata daga kan bishiya bai wuce yadi 20 zuwa 30 ba. Fam 50 da kibiya mai kaifi ya ishe ta.

Ka tuna kuma ba a shago mai ɗumi za ka yi farautar ba. Lokacin baka a Ohio yana buɗewa a ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu, kuma a Nuwamba ne namijin barewa ya fi yawo. Za ka zauna kan ɗan dandamali a bishiya tun asuba, awa uku ba motsi, cikin riga mai kauri, sanyi ya ƙanƙame maka kafaɗu. Fam 70 da ka ja da kyar a shago, a nan zai ƙi jawuwa, ko kuwa sai ka ɗaga bakan sama kana nishi, barewa ta gan ka ta ba wa ƙafafunta iska. Gwajin da masu koyarwa ke sa mutane mai sauƙi ne: zauna kan kujera, ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, nufi allo, ka ja a hankali ba tare da ɗaga bakan ba. Nauyin da ka ja haka cikin natsuwa shi ne naka. Gaskiya ne tayoyin na ɗauke maka kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na nauyin bayan ka gama ja, amma sai ka haye tudun, wato wurin da jan ya fi nauyi, tukuna kafin sauƙin ya zo, kuma a wurin hawan ne kafaɗa ke lalacewa.

Maharbanmu na gida, su Sarkin Baka da yaransa, ba su taɓa dogara da ƙarfin baka kaɗai ba, dafin kwankwani da ke bakin kibiya shi ke ƙarasa aiki. A Ohio an haramta kibiya mai dafi, kaifi da inda ka sa kibiyar su ne komai. Don haka mai gajeren ja ya fi kyau ya zaɓi kan kibiya mai tsayayyen kaifi biyu wanda ke yanka da zarar ya taɓa, ya bar waɗanda kaifinsu ke buɗewa sai sun bugi dabba, domin buɗewar tana cin ƙarfi. Ohio na son kan ya kasance da kaifi biyu aƙalla, faɗinsa kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci.

Mariƙi da nauyin bakan kansa ba su da dogon bayani. Na mata mariƙinsa siriri ne, ya fi zama a ƙaramin tafi, kuma maharba maza da yawa ma siririn suke so don ba ya sa hannu murɗe baka. Nauyin bakan kansa yakan gaza fam 4, na maza fam 4 da wani abu. Sauƙin ɗauka ne a daji, sai dai marar nauyi ya fi rawa idan iska na kaɗawa. Launi kuwa, wanda nake zargin shi ne ainihin abin da ke damun abokanka, kusan duk suna zuwa da baƙi ko zanen ganye.

Ina bakan maza ya fi? Idan tsawon janka ya wuce inci 28, maganar ta ƙare, na mata ba zai kai ka ba. Idan kana da ƙarfin jan fam 65 ko 70 cikin sauƙi kuma kana da niyyar zuwa Afirka ta Kudu ko yammacin Amurka bin manyan dabbobi, iyakar fam 60 za ta matse ka. Ranar sayarwa ma na maza ya fi saurin samun mai saye. Wasu kamfanoni kamar Hoyt suna sayar da baka ɗaya da tayoyi masu girma daban-daban, to ka tambaya ko akwai ƙaramar taya da ta sauko inda kake, a sa shi cikin gwajin.

Akwai hanya ta uku da zan nuna wa duk sabon shiga. Diamond Infinite Edge Pro na tashi daga inci 13 zuwa 31, Bear Cruzer G2 daga 12 zuwa 30, dukansu daga fam 5 zuwa 70, kuma kuɗinsu bai kai rabin na manyan ba. Ba su kai su gudu ko laushin ja ba, amma za ka fara da fam 35 kana koyo, ka riƙa ƙarawa har ka wuce 40 ɗin da doka ke nema.

Ni da zan zaɓar maka, a inci 25 da rabi, na mata mai iyakar fam 60 zan ɗauka, a sassauta shi zuwa 50 ka fara. Ka sa mai shagon ya yanka maka kibiyoyi daidai tsawon janka da taurin da ya dace da nauyin, kada nauyinsu ya gaza giren 5 ga kowane fam. Idan abokan nan sun zo gani, kada ka bar kowa ya ja ya saki babu kibiya, hakan na iya tarwatsa bakan a hannunsa. Kuma kafin Satumba ka nemi kwas ɗin koyon farauta da jihar ke buƙata daga masu karɓar lasisin farko, sannan ka yanki takardar izinin barewa.