Kantar ƙanƙara a shagon fura da yogot: abin da na gani a Sakkwato

Duk mai sayar da kayan sanyi a Sakkwato ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma a daidai wannan lokacin ne wutar lantarki ta fi wuyar samu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta daga safe zuwa dare saboda firiji ɗaya ya zama nauyin da ƙaramin shago ba zai iya ɗauka ba. Wannan ne ya sa na ba da aikin kanta mai gilashi wadda ƙanƙara ke sanyaya ta, irin wadda ake kira shogilas, domin shagona na fura, kindirmo, yogot da zoɓo a unguwar Mabera. Na yi aiki da ita a bazara da damina da hunturu, kuma hukuncin da na yanke shi ne tana biyan buƙata matuƙar an ƙera ta da ilimi, sannan abubuwan da ke sa ta yi aiki duk a ɓoye suke, ba su ne mai saye ke fara dubawa ba.

Tsawon kantar ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Jikinta na waje alminiyam ne, cikinta kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, an cusa soso mai kaurin santimita 5 a tsakaninsu, irin wanda ake zubawa a bangon firiza. Gabanta gilashi ne, ƙofofinta biyu suna baya ta wajen mai shago. Akwatin ƙanƙarar yana sama, a jingine da bangon baya, an yi masa tsaga-tsaga a ƙasa da gefe domin iska ta riƙa ratsawa.

Wurin da aka ajiye wannan akwati shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Yawancin kantocin da na duba a kasuwa kafin in ba da aikin tawa, a ƙasa ake shimfiɗa musu ƙanƙara, domin bulon ƙanƙara yana da nauyi kuma ajiye shi a ƙasa ya fi sauƙi ga maƙeri da mai shago. Maƙerin da ya yi mini aiki, wani dattijo da ya daɗe yana gyaran firiji, bai yarda da wannan ba. Abin da ya ce mini shi ne: "Alhaji, sanyi ƙasa shika sauka, ba shi hawa bisa." Gaskiya ya faɗa, domin kuwa iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Idan ƙanƙara tana sama, iskar da ta taɓa ta sai ta gangaro ta bi ta kan kaya, wadda ta ɗumama kuma ta tashi ta koma wurin ƙanƙarar, a haka iskar ke ta zagayawa ba tare da fanka ko batir ba. Idan kuwa ƙanƙarar tana ƙasa, sanyin yakan kwanta a gindi, ya bar layin sama da ɗumi, alhali a layin saman ne mai shago ke jera abin da yake so idon mai wucewa ya fara sauka a kai. Wannan ba sabon ilimi ba ne, domin akwatunan ƙanƙara da aka yi amfani da su a gidajen Amurka da Turai a ƙarni na 19, kafin firijin lantarki ya yaɗu, a sama ake sa musu ƙanƙara saboda wannan dalilin. Wahalar tsarin ita ce ɗaga bulo zuwa daidai ƙirji kowace safiya, kuma dole ƙafafun kantar da ƙarfen da ke riƙe da akwatin su kasance masu ƙwari. Duk da haka, ban ga abin da zai sa in koma ga mai ƙanƙara a ƙasa ba.

Ya kamata mai niyyar saye ya san lissafin ƙanƙarar kanta, domin shi ne lissafin ribarsa. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafin da ya kai kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya gama narkewa, wato daidai da zafin da ake buƙata a ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 0 zuwa kusan digiri 80. Bulo mai kilo 25 ke nan yana ɗauke da ƙarfin sanyaya na kilojul 8,350. Adadin yana da yawa a ido, to amma idan aka zuba robobin zoɓo 100 masu rabin lita waɗanda suka sha zafin shago har digiri 35, saukar da su zuwa digiri 5 kaɗai zai cinye kusan kilo 19 na wannan bulon. Ma'ana, kashi uku cikin huɗu na ƙanƙarar ya tafi tun kafin a yi maganar zafin da ke shigowa daga waje. Saboda haka wannan kanta ta fi ƙwarewa wajen riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi, ba wajen sanyaya abin da ya zo da zafi ba. Ni dai zoɓo da kunun aya sai sun huce sarai, sun kwana a wuri mai iska ko a cikin ruwan randa, kafin su shiga. Yogot kuwa daga kular mai kawowa yake wucewa kai tsaye.

Akwai kuma bambanci tsakanin bulo da farfasasshiyar ƙanƙara. Wadda aka farfasa tana ba da sanyi da sauri saboda iska na taɓa ta ta ko'ina, amma da wuri take ƙarewa. Bulo yana jinkirin sanyaya kanta, sai dai yana kai mutum yamma. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne bulo guda a tsakiya, da ɗan farfasasshe a gefensa da safe domin sanyi ya kama da wuri. Wasu na barbaɗa gishiri, kuma gaskiya ne gishiri na iya saukar da sanyin ƙanƙara har kusan digiri 21 ƙasa da sifiri, amma yana gaggauta narkewarta, ruwan gishirin kuma yana cin ƙarfe da wurin walda. A kantar jera kaya ban ga amfaninsa ba.

Gilashi shi ne abin da ke sayar da kanta, kuma shi ne babbar ƙofar asara. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Gilashi mai falle ɗaya yana barin zafi ya ratsa shi kusan ninki goma na abin da soso mai santimita 5 ke bari a faɗi iri ɗaya. A ranar da waje yake digiri 40, cikin kanta kuma digiri 5, murabba'in mita ɗaya na irin wannan gilashin zai iya narkar da fiye da kilo 2 na ƙanƙara a kowace awa, ko da rana ba ta haska shi kai tsaye ba. Tawa an yi mata falle biyu da 'yar tazarar iska a tsakani, abin da ke rage wannan asarar da kusan rabi, kuma gefunanta biyu da samanta duk soso ne. Na ga kantoci masu gilashi ta fuska huɗu har da sama, suna da kyau ƙwarai a ido, amma a garin nan mai irin su yana sayen ƙanƙara ne domin ya sanyaya titi. Ko mai falle biyun ma dole a kauce wa rana da ita. Shagona yana kallon yamma, don haka sai da na ƙara rumfa a gaba, domin hasken la'asar idan ya faɗa kan gilashin yana ɗumama layin gaba a cikin ɗan lokaci.

A nan ne kuma aikin maƙerin ya gaza. Bai toshe bakin falle biyun da kyau ba, shi ya sa da damina ta kankama a watan Yuli da Agusta, raɓa ta shiga tsakaninsu ta yi hazo a wurin da tsumma ba ya kaiwa. A hunturu matsalar takan ɓace saboda bushewar iska, amma sai ƙura ta maye gurbinta, ta lafe a wurin. Robar bakin ƙofofin ma ba ta da inganci. Zafi ya sa ta taurare ta fara tsagewa, har na sa aka canja ta da irin ta firiji mai maganaɗisu. Ana gane lafiyar roba ta hanyar maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba to sanyi na fita ta wurin.

Magudanar ruwa ƙaramin abu ce da mutane ke rainawa. Duk kilon ƙanƙara da ya narke lita ɗaya ce ta ruwa, kuma dole ta sami hanyar fita ba tare da ta ɗiga kan kaya ba. A ƙarƙashin akwatin an sa tire mai ɗan gangare, daga shi tiyo ya sauka zuwa bokiti. Dabarar da na yaba ita ce lanƙwasa tiyon da aka yi a tsakiya yadda ruwa kaɗan zai riƙa tsayawa a ciki kullum. Wannan ruwan shi ke toshe hanya, ya hana iska mai sanyi zubewa waje, ya kuma hana kyankyaso da tururuwa hawowa. Sai dai tiyon siriri ne, kuma ƙanƙarar da ake kawowa a lulluɓe da buhu ko garin katako takan zo da datti, don haka yana yawan toshewa. Wanke bulo kafin a ɗora shi, da zuba ruwan zafi a tiyon duk mako, sun rage mini wannan.

Batun da ya fi damuna shi ne lafiyar masu saye, domin nono da yogot ba sa yafe sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, saboda haka abin da ke lalacewa ya kamata ya zauna ƙasa da digiri 5. Ƙanƙara mai narkewa tana kan digiri 0 ne, iskar cikin kanta kuwa kullum tana sama da haka. Na rataya ma'aunin zafi a ciki, kuma abin da nake gani shi ne layin da ke dab da ƙarƙashin akwatin yana riƙe sanyin da ake so muddin bulon bai yi ƙanƙanta ba, amma kusurwar gaba ta jikin gilashi takan haura wannan iyaka da tsakar rana, musamman idan ciniki ya yi yawa ana ta buɗe ƙofa. Don haka kindirmo da yogot da damammiyar fura suna zama kusa da ƙanƙara, lemun kwalba da ruwan leda kuma su tsaya a gaba. Abin da ya rage na nono da dare ba na barinsa a kanta da ragowar bulo, sai in mayar da shi cikin kula in binne shi a ƙanƙara. Ruwan da ya narke kuma ba na bari ya taɓa abin sha, tunda ba kowane mai yin bulo ne ke amfani da ruwa mai tsabta ba. Duk wanda zai sayi wannan kanta ya haɗa da ma'aunin zafi, domin tafin hannu a ranar zafi komai ya taɓa sanyi yake ji.

Akwai wata fa'ida da firijin lantarki ba shi da ita. Iskar cikin kantar tana da laima saboda narkewar ƙanƙara, shi ya sa ƙwallon fura ba ya bushewa ya tsattsage ko a tsakiyar hunturu, yankakkiyar kankana ma tana riƙe kyanta. Ina ganin masu latas da kokwamba za su amfana da wannan. Masu ɗanyen kifi irin na Kwalkwalawa, a bakin kogi kusa da Sakkwato, kuwa wani tsarin suke buƙata dabam, wato tire mai gangare inda kifin zai kwanta a cikin farfasasshiyar ƙanƙara kai tsaye, domin sanyin iska kaɗai bai ishe shi ba.

Ta fuskar kuɗi, kantar ba ta cin mai, ba ta da injin da zai ƙone idan wuta ta zo da ƙarfi, ba ta buƙatar a ƙara mata gas, kuma ba ta ƙugi. Amma ba ta raba mutum da matsalar wuta baki ɗaya ba, domin mai yin ƙanƙarar shi ma da wuta ko dizal yake aiki, kuma duk tsadar da ta same shi tana biyo bulon har shago. A azumin 2024 da na 2025, waɗanda suka faɗo a watan Maris, lokacin da kowane gida ke neman ƙanƙarar buɗa-baki, samun babban bulo da rana ya yi wuya kuma farashinsa ya tashi. Abin da ya taimake ni shi ne yarjejeniya da mai kawowa guda ɗaya tun kafin watan ya kama, yana kawo mini da sassafe. Wanda shagonsa ke nesa da masu ƙanƙara, ko yake sayar da askirim da daskararren nama, wannan kanta ba tasa ba ce, gara ya tara kuɗin firiza mai aiki da sola.

Ga mai shagon abin sha da kayan nono da ke sayar da kayansa a yini guda, ina ba da shawarar ta ba tare da shakka ba, bisa sharaɗin ya tsaya a kan maƙeri lokacin aiki. Ya ga soson da idonsa kafin a rufe bango, domin bayan an rufe babu mai bambance santimita 5 da santimita 2, kuma wasu kwali kawai suke cusawa. Ya nemi a sa akwatin ƙanƙara a sama da ƙofarsa dabam, yadda ƙara bulo ba zai sa a buɗe wajen kaya ba. Kanta ta biyu da nake shirin ba da aikinta domin ɗaya shagon nawa za a rage mata tsayin gilashi, a toshe bakinsa da silikon ta kowane gefe, a ƙara kaurin soson saman akwatin, sannan a sa mata tiyo mai faɗin da za a iya zura buroshi a wanke.