Ajin Asabar na Samaru mai koya wa matasa masu galahanga zaman wurin aiki: ra'ayina

Idan kuna da matashi mai galahanga (wato autism) ko ADHD (matsalar rashin iya tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya) a gida, ya gama sakandare ko ya tsaya a hanya yana zaune ba aikin yi, ni dai zan ce ku gwada ajin nan na ranar Asabar da ke Samaru a Zariya, amma fa kar ku je da tunanin sana'a ake koyarwa. Ba ɗinki ba gyaran waya ba kwamfuta. Abin da suke koyarwa shi ne yadda yaro zai zauna a shagon wani ba a kore shi cikin sati biyu ba.

Ɗan yayata muka kai, shekararsa 19. Hannunsa a gyaran waya masha Allah, zai kwance waya ya jera sukurori bisa tsari ya mayar ba ko ɗaya da zai ɓata, amma shago biyu aka sallame shi, kuma duka biyun magana ɗaya ce, wai ba ya gaisuwa, wai yana mayar wa oga magana. Alhali shi a wajensa tambaya aka yi ya ba da amsa, shi ke nan.

Abin da ya fi burge ni da malamar shi ne ba ta ɗauko takardun Turawa daga intanet ta zazzage wa yara haka kawai ba. Waɗancan takardun duk maganarsu ita ce ka kalli mutum cikin ido, ka riƙe hannunsa da ƙarfi, ka iya intabiyu. To a Zazzau yaro ya tsaya ya zuba wa dattijo ido ai sai a ce ba shi da kunya, kuma wa ke yin intabiyu a shagon gyaran waya na PZ? Kawunka ne zai kama hannunka ya kai ka ya ce ga amana. Saboda haka ita gaisuwa ta fara da ita, ina kwana, an tashi lafiya, ya kasuwa, ya iyali, da inda ake rusunawa da inda ake tsayawa, ta rubuta musu a ɗan kati suna maimaitawa bibbiyu har ya zauna.

Sai kuma darasin da na ce ko shi kaɗai ya biya kuɗin, wato maganar kasuwa da ba a nufin abin da aka faɗa. Wata Asabar na zauna a bayan aji na gani da idona. Malama ta zama kwastoma, ta taya caja, ta ce "to bari in zaga in dawo", yaron da ke matsayin mai shago ya ɗauki cajar ya ajiye gefe ya ƙi sayar wa na biyu wai ai ta ce za ta dawo. Ba wanda ya yi dariya, ta zauna ta warware masa cewa yawanci mai faɗin haka ba saye zai yi ba, kunyar cewa ba shi da kuɗi yake ji. Haka "albarka" idan an yi tayi, haka oga ya ce "ina zuwa" ya ɓace har la'asar, haka idan ya ce "kai yau ka yi sammako" alhali ƙarfe goma ta wuce. Mu da muka tashi muna jin waɗannan ba mu ma san koyonsu ake yi ba wallahi.

Ta kuma koya musu jimla ɗaya da za su faɗa idan hayaniya ta yi yawa: "Oga, don Allah zan ɗan fita minti biyar in dawo." Ƙarar janareta da sifika ita ce ke birkita namu, da can sai dai kawai ya toshe kunne ya fice a ce ya yi fushi.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Ɗaki ɗaya ne an haɗa kowa, mai galahanga da mai ADHD da wanda karatu ne kawai ke ba shi wuya, alhali buƙatunsu ba ɗaya ba, mai ADHD matsalarsa makara da manta aike da katse mutane, ya gaji da maimaita gaisuwa tun a minti goma na farko yana ta jujjuya kujera. 'Yan mata kuma ƙalilan ne, kuma misalan duk na shagon maza ne, babu na shagon ɗinki ko gidan abinci ko ofis. Kuɗin wata ma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne, ga kuɗin mota idan daga Tudun Wada ko cikin birni kuke tahowa, sai kun sauka Kwangila kun sake hawa.

Babban giɓin dai shi ne yaran ake ta gyarawa, ogannin ba wanda ya zauna da su. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, amma mai shago a Sabon Gari ina ruwansa da wannan, shi dai a yi masa bayani da Hausa cewa yaron nan ba raini yake yi ba, a ba shi aiki ɗaya bayan ɗaya, kar yaran shago su mayar da shi abin zolaya. Da na yi wa malamar maganar ta ce ita kaɗai ce, ba ta da mai taya ta zagaye, sai mu da kanmu muka je muka zauna da sabon ogan ɗan yayata, kuma ya saurara Allah ya saka masa.

Ku sani kuma wurin ba asibiti ba ne, ba sa gwaji ba sa ba da magani. In ba a taɓa duba yaronku ba ku fara da asibitin koyarwa na Shika ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Kafin ku biya ku roƙi a bar ku ku zauna a aji sau ɗaya, ta kan yarda, kuma ku je da wuri don kujerun baya kusa da taga su ne nesa da janaretan maƙwabta.