Mai girkin da muka ɗauka ranar Kirsimeti a Jos

Bana dai Mama ta ce ta gaji, shekara da shekaru tana tashi ƙarfe 3 na dare ranar 25 ga Disamba tana hura wuta cikin sanyin nan na Jos, in an je sujada kuma gyangyaɗi take yi har a tashi. Sai muka haɗa kuɗi ni da ƙannena muka ba wata mai girkin biki a Tudun Wada aikin, wata 'yar Zumuntar Mata ta cocinmu ce ta haɗa mu da ita.

Mu muka sayi kaya, ita kuɗin aikinta kawai ta karɓa, rabi kafin alƙalami. Shinkafa mudu 15, kaji 8, akuya ɗaya, sai kayan miya da ta ce mu je kasuwar Farin Gada tun ranar 22 kafin kwandon tumatir ya haukace, kuma gaskiyarta ce. Akuyar mahauci Musulmi muka kira ya yanka kamar kullum saboda maƙwabtanmu, mai girkin ba ta ma jira mun faɗa ba ita ta fara tambaya, nan na ji ta kwanta min a rai.

Jalof ɗinta kam ba magana. A kan itace ta dafa, ƙamshin hayaƙin nan ya shiga ciki, shinkafar wara-wara ba ta caɓe ba duk da ta daɗe a kula. Amma abin da ya tashi kan kowa gwate ne, na acca, da yakuwa da gauta da ƙashin akuya a ciki, Baba da ba ya yabon girkin kowa sai da ya ƙara kwano na biyu yana cewa rabonsa da irin wannan tun kakarmu na da rai, Mama na gefe tana ta harararsa. Farfesun kayan ciki ma ya yi, yaji dai ya ɗan fi ƙarfin yara.

Firai rais ɗin ne ban gane masa ba, kori ya yi yawa, karas kamar ɗanye. Cincin kuma sai mai haƙori.

Inda ta ɓata min rai lokaci ne. Mun yi da ita ƙarfe 12 daidai tashi daga coci, ba ta iso ba sai 2 da rabi, baƙi sun cika falo har tsakar gida, abokaina daga Bukuru sun sha zoɓo har sun gaji, yara sun ci gayu da sabbin kaya suna riƙe da kwanukan da za su kai wa maƙwabta ba abin zubawa. Na kira ta sau 6 tana cewa "Anti gani nan a hanya", ashe wai an hana Keke Napep fita ne ba ta samu abin ɗauko kuloli ba. Haba Madam, wannan ai ba sabon abu bane a Jos lokacin Kirsimeti, da kin faɗa tun jiya da ƙanena ya zo da mota.

Ta dai ba da haƙuri, washegari 26 da ta zo karɓar kulolinta ta kawo wa Mama kunun gyaɗa jarka guda kyauta. In za ku ba ta aiki ku tanadi motar ɗauko abincin da kanku, kuma ku ce ta bar firai rais ta ƙara gwate. Baba har ya fara maganar Ista.